Ɗakin shuka a bayan gida: yadda za a gina shi ya jure iska, ruwa da zafi

Ɗakin shuka rumfa ce da ake rufewa da leda, gilashi ko roba mai barin haske ya ratsa, domin a raini tsiro a ciki ba tare da sanyi, ruwan sama ko ƙwari sun dame shi ba. Kafa shi ba wuya. Inda aikin yake shi ne ya ga guguwa ta farko da ta biyu yana nan a tsaye.

Me ya fi rushe ɗakin shuka?

Iska. Kuma sau da yawa ɗaga shi take yi, ba turewa ba. Idan ta bi ta kan rufi mai lanƙwasa, tana jan sa sama. Idan kuma ta samu ƙofa a buɗe ko wata yaga a jikin leda, sai ta shiga ta cika ɗakin, ta turo rufin daga ciki. Duk wanda iska ta taɓa fizge wa laima daga hannu ya san abin da nake nufi.

Ƙarfinta kuma yana hawa da sauri fiye da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugun bango da shi sau huɗu yake ninkawa. Wato iska mai gudun kilomita 80 a awa tana da ƙarfin mai kilomita 40 har huɗu. Ɗakin shuka kuwa ba shi da nauyin da zai danne kansa, don haka sai an ɗaure shi da ƙasa.

To, yaya ake ɗaure shi?

Nan ne nake son mai gini ya fi kashe kuɗinsa da lokacinsa, ko da zai rage girman ɗakin. Kowace ƙafa a haƙa mata rami mai zurfin santimita 60 zuwa 90, a zuba kankare. Kafin a zuba, idan ƙafar ta bututun ƙarfe ce, a soke ƙasan bututun da guntun rodi a gicciye, ko a yi masa walda, don kada ƙafar ta zare daga cikin kankaren kamar yadda bututu mai santsi kan yi. A faɗaɗa gindin ramin ya fi bakinsa, saboda ƙasar da ke sama ta riƙe shi. Idan ƙasar wurin rairayi ce, a ƙara zurfi.

A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa lokacin sanyi, dole ramin ya wuce iyakar inda ƙanƙara ke kaiwa, domin ƙasa na kumbura idan ta daskare, ta turo ƙafar sama.

Ƙarfe ko katako?

Kowanne yana yi. Bututun ƙarfe da aka lulluɓe da zinki ya fi daɗewa, don cikin ɗakin kullum a jiƙe yake, baƙin ƙarfe kuwa tsatsa ke cinye shi daga gindi. Katako sai wanda aka yi wa maganin gara da ruɓa, kuma kada ya zauna kai tsaye a kan ƙasa. Bututun roba na ruwa yana da araha, amma rana na busar da shi ya riƙa karyewa, yana kuma lalata leda a duk inda suka haɗu.

Abin da ya fi zaɓen kaya muhimmanci shi ne yadda aka haɗa su. Tsakanin baka da baka, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗauke da rufin, kada ya wuce mita 1.2 zuwa 1.5. A haɗe su da dogayen ƙarafa, ɗaya a ƙololuwa, ɗaya a kowane gefe. Sannan a kowace kusurwa a sa tokara a karkace, daga gindin wata ƙafa zuwa saman ta kusa da ita. Firam mai kusurwa huɗu yana iya kwantawa gefe guda, mai kusurwa uku ba ya kwantawa. Idan ka gama, kama ƙafa ɗaya ka jijjiga da ƙarfi. In ka ga ɗaya ƙarshen ɗakin yana rawa, da sauran aiki. A mahaɗa kuma a yi amfani da noti, domin ƙusa tana sassautowa da jijjigar iska.

Da me ya kamata a rufe shi?

Ledar da aka yi musamman don wannan aiki, mai kaurin maikuron 150 zuwa 200 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) da maganin kariya daga hasken rana, takan yi shekara uku zuwa huɗu. Ledar gama-gari ba ta cika shekara a rana ba tare da ta farfashe ba. A shimfiɗa ta da rana mai ɗumi wadda ba iska, a ja ta ta yi tsam. Leda mai sako-sako tana kaɗawa dare da rana tana gugar ƙarfe har ta yage. A naɗe ƙarafan da tef fari a inda za ta kwanta, saboda ƙarfe mai zafi na ƙona ta. Gefenta na ƙasa a binne shi cikin rami, ko a matse shi a cikin layin alminiyom mai kwarmi da wayar da ke danne leda a ciki.

Inda ake ruwa da ƙanƙara, robar polikabonet mai bango biyu ta fi, kauri milimita 6 zuwa 10. Tana da fuska guda mai kariya daga rana, kuma ita ce za ta kalli waje; masana'anta kan rubuta hakan a ledar da ke manne a jikinta, sai a duba kafin a ɓare. Ramukan da ke cikinta su bi daga sama zuwa ƙasa don raɓa ta gangaro. Tana buɗewa da zafi wajen milimita 3 a kowace mita, saboda haka hudar noti ta ɗan fi notin faɗi, kuma kada a ɗaure shi har robar ta lotsa.

Gilashi ya fi duka barin haske, kusan kashi 90 cikin 100, amma yana da nauyi kuma yana fashewa. Inda yara ke wasa, ba na ba da shawararsa.

A wane gefen gida za a kafa shi?

Inda rana ke samu aƙalla awa shida, ba ƙarƙashin bishiyar da reshenta zai iya faɗowa ba, ba kuma a kwarin da ruwa ke kwanciya ba. Ƙofa kada ta fuskanci inda iska ta saba fitowa. Shinge mai ɓuli-ɓuli, na raga ko na shuke-shuke, ya fi doguwar katanga rage iska: katanga na sa ta haura ta faɗo bayanta tana juyi, shinge kuwa tace ta yake yi ta wuce a hankali.

Ruwan sama da dusar ƙanƙara fa?

Rufi ya zama mai gangara sosai, digiri 25 zuwa 30, ko baka mai tsini a sama, don kada komai ya zauna a kai. A kuma yi wa ruwa hanya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, don haka rufi mai mita 3 da mita 6 zai zubar da lita 450 a ruwan milimita 25. In duk wannan ya sauka a gindin ƙafafu, zai laushe ƙasar da ke riƙe da su, daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi.

Idan an rufe ko'ina gam, zafi ba zai kashe shukar ba?

Zai kashe ta, cikin yini guda ma. Tsiro da yawa na fara wahala idan zafi ya haura digiri 35, rufaffen ɗaki kuwa yana wuce haka tun kafin tsakar rana. Don haka a yi masa tagogi, su kai kimanin kashi 20 cikin 100 na faɗin daɓen, wasu a ƙasa don iska mai sanyi ta shigo, wasu a sama don mai zafi ta fice. A wurare masu zafi a ƙara ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na haske, a ɗora ta daga waje. Sai dai kowace taga a sa mata sakata mai ƙwari, domin da zarar hadari ya taso, duka za a rufe, har ƙofa, a naɗe ragar inuwar kuma, sai iska ta lafa a buɗe.