Masu tambaya a kan batirin sola, ga amsarku gaba ɗaya

Wallahi na gaji da amsa tambaya ɗaya sau goma a waya, ga su nan na tara, wanda ya sake kira nan zan turo shi.

Inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) ta nuna 14.4V, batirina ya cika ke nan?

A'a. Wannan ƙarfin cajin da ke shiga ne (V ɗin nan bolt ke nan, ma'aunin ƙarfin wuta). Cire caji, kashe kaya, bar shi ya huce kamar awa uku sannan ka sa mita. Batir mai ruwa na 12V in ya cika wajen 12.7 yake zama.

Zan iya ƙara masa fiya wata ko ruwan famfo?

Kada ka kuskura. Tataccen ruwan batir kawai. Kuma ban da ƙarin asid dan Allah.

Na sayi 200Ah sabo fil amma ba ya kai ni asuba, jabu aka sayar min?

To wannan sai a bi a hankali, don ba zan rantse maka ba ban ga kayanka ba. Jabu kam akwai su a kasuwa, amma yawancin gidajen da nake zuwa laifin ba na batir ba ne. 200Ah (Ah ma'aunin girman batir ne) sau 12V ya ba ka 2,400Wh, wato jimlar wutar da yake iya ajiyewa, amma batir mai ruwa rabi kawai ya kamata ka ci in kana so ya yi shekaru, sauran 1,200 ke nan, ita ma inbata tana cin nata kaso ko ba ka kunna komai ba. Yanzu ka haɗa fanka biyu na sama da talabijin da firiza ka ce sai asuba, ina zai kai? Sannan wataƙila ma bai taɓa cika ba, musamman lokacin hunturu, na hau rufin wani gida na shafa fanel da yatsa, ƙura ta yi kauri har na rubuta sunana a kai, mai gidan kuma yana ƙasa yana tsine wa wanda ya sayar masa da batir. Duba kan batirin ma, in ka ga farin gari ya taru ko waya tana ɗumi, wuta na zuba a nan. Zafi kuma ba ƙaramin abu ba ne, ƙarin digiri 10 sama da 25 yana iya rage rayuwarsa da rabi, ku kuwa sai ku kulle shi a sito mara taga a watan Afrilu. In ka gyara duk wannan ya cika ya huce, amma ka ɗora kaya kaɗan ya faɗi warwas cikin minti talatin, to a nan ne zan ce ka koma wa mai shago da rasit ɗinka.

Yaushe zan kashe kaya?

In ya sauka 12.2 a huce, rabi ya tafi, tsaya nan. Masu 24V ku ninka. Haba jama'a, sai inbata ta fara kuka kullum sannan ku tashi?

Batirina litiyom ne, kullum 13 da ɗoriya yake nunawa sai kawai ya ɗauke?

Kwantar da hankalinka, bai lalace ba, halinsa ne, lambar ba ta motsi sosai sai ya kusa ƙarewa. Duba kaso nawa ya rage a manhajar batirin ta Bluetooth in yana da ita.

In haɗa sabo da tsoho?

A'a. Tsohon zai ja sabon ƙasa.