Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Sudan

Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Sudan ita ce ke kula da harkokin tamaula a ƙasar Sudan: ita ke shirya gasar lig da ta cin kofi, ita kuma ke riƙe da ƙungiyar ƙasa wadda ake yi wa laƙabi da Shahunan Jidyan. An kafa ta a shekarar 1936, a zamanin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, wato ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara 20. Ta shiga FIFA a 1948. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, akasarin aikinta a ƙasashen waje take gudanar da shi.

Asali da zamanin tashe

A birnin Khartum aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, a watan Fabrairun 1957, kuma Sudan na cikin ƙasashe huɗu da suka aza harsashinta, tare da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu. A nan ne kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan shekarar. Ƙasashe uku kaɗai suka buga, domin an cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙar fata da farar fata. Masar ce ta ɗauki kofin. Wani likita ɗan Sudan, Abdel Halim Mohamed, yana cikin jagororin wannan tafiya, daga baya ma ya shugabanci CAF daga 1968 zuwa 1972, ya sake riƙe kujerar na ɗan lokaci a 1987.

Sudan ta zo ta biyu a 1959 da 1963, sannan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta doke Ghana da ci 1-0 a wasan ƙarshe. Shi ne kofin Afirka ɗaya tilo da take da shi. Bayan gasar 1976 sai da ta yi shekara 32 ba ta sake leƙa gasar ba, sai a 2008.

A cikin gida kuwa, kusan komai na hannun kulob biyu na birnin Omdurman, Al-Hilal da Al-Merrikh, waɗanda suka raba mafi yawan kofunan lig a tsakaninsu. Tsofaffin masu bin ƙwallo a Najeriya za su tuna Al-Merrikh: ita ce ta doke Bendel United a wasan ƙarshe na gasar zakarun cin kofi ta Afirka a 1989. Al-Hilal ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob a 1987 da 1992, amma ba ta yi nasara ba.

Rikicin shugabanci da rabuwar ƙasa

Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta rage wa hukumar yankin da take kula da shi, sabuwar ƙasar ta kafa tata hukumar wadda FIFA ta karɓa a 2012. A watan Yulin 2017 FIFA ta dakatar da Sudan saboda gwamnati ta sa baki a rikicin shugabancin hukumar. Dakatarwar ba ta daɗe ba, amma ta faɗo daidai lokacin wasannin ƙarshe na rukuni a gasar zakarun Afirka, kulob-kulob ɗin ƙasar ne kuma suka sha wahalarta. Kamal Shaddad ya hau kujerar shugabanci a ƙarshen shekarar, Mutasim Jaafar ya karɓa a 2021. A tsakanin nan, bayan faɗuwar gwamnatin Omar al-Bashir, aka fara gasar lig ta mata a watan Satumban 2019, abin da a da ba ya yiwuwa.

Ƙwallo a lokacin yaƙi

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya kaure tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo. Khartum da Omdurman, inda manyan filayen wasa suke, suka zama fagen daga. Lig ya tsaya cak, 'yan wasa da dama suka fice daga ƙasar kamar sauran miliyoyin jama'a.

Hukumar ba ta janye daga kowace babbar gasa ba. Ta ɗauki Kwesi Appiah, tsohon kocin Ghana, a 2023, ta riƙa karɓar baƙuncin wasanninta a Juba da Benghazi da Nouakchott. Babbar matsalar ita ce yawancin 'yan wasan ƙasa daga Al-Hilal da Al-Merrikh suke fitowa, kuma ɗan wasan da ba ya buga lig ƙafarsa mutuwa take yi. Mafitar da aka samu ba a saba ganin irinta ba: Muritaniya ta amince kulob ɗin biyu su buga lig ɗinta na kakar 2024/2025 a matsayin baƙi, a kakar da ta biyo baya kuma suka koma Ruwanda. Tana Muritaniya ne Al-Hilal ta kai zagayen 'yan takwas na gasar zakarun Afirka a 2025.

Sakamakon ƙungiyar ƙasa ya fi na shekarun zaman lafiya da yawa. A neman gurbin kofin Afirka na 2025 tana rukuni ɗaya da Angola da Nijar da Ghana. Ta yi canjaras da Ghana a Accra, ta doke ta 2-0 a Benghazi, kuma duk da kashin 4-0 da ta sha a hannun Nijar, ita ce ta bi Angola zuwa Maroko mai masaukin baƙin gasar, Ghana ta zauna gida karo na farko tun 2004. A gasar CHAN ta 'yan wasan gida da aka buga a watan Agustan 2025, Sudan ta lallasa Najeriya da ci 4-0 a Zanzibar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Madagaska ta fitar da ita. A wannan shekarar ne kuma hukumar ta samu damar shirya taƙaitacciyar gasar cikin gida a Atbara da Ad-Damar, garuruwan jihar Kogin Nilu da ke arewa da Khartum.