Shamuwa

Shamuwa tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu da dogon baki, daga dangin da ake kira Ciconiidae a ilimin halittu, dangin da borin tunke ma yake ciki. Sunanta na kimiyya Ciconia abdimii. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta: tsawonta kusan santimita 73, nauyinta kuma ya ɗan haura kilo ɗaya. A arewacin Kamaru da kudancin Chadi baƙuwar damina ce, da ruwa take zuwa, da shi take komawa.

Kamanni

Bayanta da wuyanta da fukafukanta baƙaƙe ne masu sheƙi, cikinta fari fat. Ƙafafun ruwan toka ne, amma gwiwoyi da yatsu ja. Lokacin saƙar sheƙa fatar fuskarta takan yi shuɗi kusa da baki, da ɗan ja a gaban ido. Namiji ya ɗan fi mace girma.

Asalin sunan kimiyya

Masanin dabbobi Bajamushe Martin Hinrich Lichtenstein ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1823, a birnin Balin. Samfurin ya fito ne daga yankin Dongola a arewacin Sudan, jim kaɗan bayan sojojin Muhammad Ali, mai mulkin Masar, sun ci ƙasar a wajejen 1820 zuwa 1821. An raɗa mata sunan Abdim Bey, gwamnan da ke riƙe da yankin a lokacin, wanda ake cewa ya taimaki masu binciken Jamus da suka ratsa ta can. Ana sa rasuwarsa a wajen 1827. Hausawa kuwa sun daɗe da sunansu kafin nan.

Wasu tsofaffin littattafai sun ware mata jinsi nata, Sphenorhynchus. Yanzu an bar wannan.

Ƙaura da haihuwa

Tana haihuwa a arewacin layin da ya raba duniya biyu, daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya, har ma Yaman. A ƙasar Marwa da Garwa, da garuruwan bakin kogunan Logone da Chari har Njamena, akan fara ganinta wajen Afrilu ko Mayu, lokacin bazara, kafin ruwa ya sauka sosai. Ba ta gudun mutane. Takan yi sheƙar ƙirare a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, wani lokaci a kan jinkar ɗaki, sheƙa da yawa a bishiya ɗaya. Ƙwai biyu zuwa uku ne galibi, kwanci kusan wata guda, 'ya'yan kuma sukan tashi bayan kimanin wata biyu. Da kaka ta yi, garken kan nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin, su zauna daga Nuwamba zuwa wajen Maris.

Abinci

Ko da yake danginta masu shiga ruwa ne, ita ta fi kiwo a tudu da fadama. Fara da babe da tsutsar ganye ne abincinta, sai kwaɗi da ƙadangaru da ɓeraye in ta samu. Tana bin inda aka ƙona daji don ƙwarin da wuta ta kora.

A wurin jama'a

Manomi kan ɗauki isowarta alamar ya gyara gona, ya fito da iri. A wurare da dama ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, ana kuma ganin sheƙarta a gida alheri ne. Camfin ya dace da amfanin gona, tunda farar da take ci ita ce mai cin gero da dawa. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne kashinta a gindin bishiyar da ake zaman hira.

Matsayi

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ba sa fuskantar barazanar ƙarewa.