Iyakar birni da juji: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Me ya haɗa faɗaɗar birni da shara?

Fili. A bayan gari ake kafa juji, gari kuma ya yi ta tafiya har ya cim masa, marasa hali su gina ɗakuna a gindinsa. A 2017 jujin Koshe da ke Addis Ababa ya zabtare kan gidaje, mutum sama da 100 suka rasu. Duk mai ganin maganar shara wasa ce ya tuna da wannan.

Ba sai a ƙone ta a huta ba?

A'a. Hayaƙin roba da leda guba ne, kuma 'ya'yanka ne za su fara shaƙa. Don Allah a daina.

Ana iya yi wa birni iyaka kuwa?

Ana yi. Landan tana da zoben fili a kewayenta da aka taƙaita gini a cikinsa, birnin Portland na Amurka kuma ya shata layinsa tun 1979. Sai dai in an hana gari faɗaɗa, dole a bar gini ya yi sama, a cike kangwaye da filayen da ke ciki. In ba haka ba haya ta yi tsada, talaka ya tsallake layin ya koma can nesa.

Motar shara tana haɗa komai wuri ɗaya, to mene ne amfanin warewa a gida?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsar ta danganta da inda kake. Fara da bincike: wa ke karɓar me a kusa da kai? Gwangwanin alminiyum da ƙarfe ba sa rasa mai saye, domin narka tsohon alminiyum yana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da ake ci wajen yin sabo. Waɗannan ware su, ka miƙa wa 'yan jari-bola kai tsaye, ba sai sun shiga mota ba. Takarda da kwali suna da daraja muddin a bushe suke. Da maiƙo ko ruwa ya taɓa su, an gama. Roba ce mai rikici. Robar ruwan sha galibi ana karɓa, sauran kuma ya danganta da ko akwai masana'anta kusa, wani lokaci kuɗin jigila ya fi kayan. A duniya gaba ɗaya kusan kashi 9 cikin ɗari na sharar roba kawai ake sake sarrafawa, don haka ba zan yi maka alƙawarin kowace ka ware za ta tsira ba.

Amma kada ka karaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 44 cikin ɗari na sharar birane ragowar abinci ce da ganyaye. Ita ce ke ruɓewa a juji tana fitar da iskar methane mai kama wuta, ita ce kuma ke ɓata takarda. In kana da ɗan wuri, mayar da ita taki. Wannan bai buƙatar mota ko izinin kowa.

Batura fa?

Kada su shiga kwandon shara. Masu sinadarin lithium, irin na wayar hannu, suna tayar da gobara a mota da juji. Tara su a busasshen wuri, ka nemi inda ake karɓar su.

Leda?

Rage karɓa. Na sha faɗa.