Mayar da Ƙaramin Jirgin Rimot Mai Inji Ɗaya zuwa Mai Inji Biyu

Wannan aiki ne da masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen sama na rimot ke yi: a cire injin da ke hancin jirgin, a ɗora injuna biyu a kan fukafukai, ɗaya dama ɗaya hagu. Wasu na yin haka ne don jirgin ya yi kama da manyan jirage irin su DC-3 da ya fara tashi a 1935, ko P-38 Lightning na Amurka da ya fara tashi a 1939. Wasu kuma amon injuna biyu da ke kuka tare ne kawai ke burge su. Ba kasafai ake yi don neman gudu ba, domin nauyin da ake ƙarawa yakan cinye yawancin ribar.

Ana fi son jirgi mai faffaɗan fiffike, mai tashi cikin natsuwa. Jirgin da ke amfani da injin mai na siisi 6.5 (siisi, wato cc, shi ne ma'aunin girman inji), akan ba shi biyu masu siisi 4 kowanne. Kowane inji ana gina masa gida da filawud da katakon balsa marar nauyi, a kafe shi a jikin ƙashin fiffiken, tare da tankinsa, a daidaita tsakiyar tankin da tsayin kafireto. Dole a ƙarfafa fiffiken, tunda ba a yi shi don ɗaukar nauyi da girgizar inji ba. A kuma bar tazara tsakanin bakin farfela da gangar jirgin.

Da zarar inji ya bar hanci, nauyi sai ya koma baya, kuma jirgin da bayansa ya fi nauyi ba ya jin magana a sama. Shi ya sa ake tura batir can cikin hanci, wani lokaci har da 'yar darma, sai jirgin ya tsaya daidai idan an tallafe shi da yatsu biyu wajen kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba.

Babbar matsalar ita ce mutuwar inji ɗaya a sama. Mai ran zai ci gaba da ja daga gefe guda, hancin jirgin ya karkata wajen mataccen, fiffiken wannan ɓangaren ya rasa iskar farfela ya faɗa, kafin ka ce kwabo jirgin ya fara wulwulawa zuwa ƙasa. Matuƙin babban jirgi yana jin haka a jikinsa nan take. Mai rimot kuwa yana tsaye nesa, sau da yawa ma bai san wanne ya mutu ba. Don haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sassauta totur gaba ɗaya, a sauke hanci, a sauko kamar babu inji. Wanda ya ƙara wuta don ceto jirgin, galibi tarkace yake kwasa.

Rigakafin yana farawa tun wajen gini. Ana kusantar da injunan da gangar jirgi gwargwadon yadda farfela ta bari, a ɗan karkatar da kowanne waje da digiri biyu ko uku, a ƙara girman tsayayyen fiffiken jela da sitiyarinsa. Wajen saiti kuma, kowane inji shi kaɗai ake fara kunna shi a daidaita shi, a bar shi da ɗan yalwar mai. Idan ɗaya ya fi gudu, shi ake ƙara wa mai ya sauko, ba a matse wa mai jinkirin mai don ya kamo ɗan'uwansa, domin injin da aka matse shi ne ke yin zafi ya mutu. Bambancin gudu kaɗan ba ya hana tashi.

Injunan lantarki sun rage wannan fargaba sosai, shi ya sa yawancin masu farawa ta nan suke bi. Kowane inji marar burushi, wato injin lantarki mai wayoyi uku, yana bukatar na'urar daidaita gudu tasa, ko da batir ɗaya suke sha. Idan na'urorin biyu duka suna ba risiba wuta, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgin, akan zare jar wayar ɗaya daga cikinsu don kada su yi karo. Juya alkiblar inji kuwa abu ne mai sauƙi: a musanya biyu daga wayoyinsa uku, a sa masa farfelar da aka yi don juyin baya. Da haka farfelun ke juyawa saɓanin juna kamar na P-38, murɗar ɗaya ta kashe ta ɗayar. Idan kowane inji yana kan tasharsa a rimot, ana iya haɗa su da sandar sitiyari yadda ɗaya zai ƙara gudu ɗaya ya rage wajen yin kwana, dabarar da ke da amfani ƙwarai ga jiragen da ke sauka a kan ruwa.

Akwai kuma wata hanya ta kauce wa karkatar baki ɗaya, wato a bar injin hanci inda yake, a ƙara na biyu a baya yana turawa, kamar tsarin Cessna 337. Sai dai wannan yana bukatar sake fasalin jela, don haka ba kowane jirgi yake karɓarsa ba.