Ƙalubalantar kuɗin da banki ya cire daga asusun ɗan fansho a Maraɗi

Ƙalubalantar cirar banki hanya ce da mai asusu ke bi don neman bayani, ko neman a maido masa kuɗinsa, idan ya tarar an zaftare wani abu bai san dalili ba. A Maraɗi matsalar ta fi taɓa tsofaffin ma'aikata da fanshonsu ke biyowa ta banki, wato tsofaffin ma'aikatan gwamnati da ke karɓa daga asusun fansho na CARENI, da na kamfanoni da ke karɓa daga asusun jin daɗin ma'aikata na CNSS. Da yawansu daga Tibiri, Madarunfa ko Gidan Rumji suke shigowa gari ranar biya. Su bi layi, su karɓi abin da mai gishe ya miƙo, su koma gida da zargin cewa kuɗin bai cika ba, amma babu wata takarda a hannunsu.

Iri biyu na cira

Na farko shi ne kuɗin ruwan zarce asusu. Idan abin da ya fita ya fi abin da ke ciki, banki ya cike giɓin, asusun ya shiga abin da takardun banki ke kira découvert, kuɗin da ake caza a kansa kuma agios, wanda mutane ke furtawa ajiyo. Ruwan shi kansa ba ya da yawa. A misali, wanda ya zarce da jika 20 na kwana 15, a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, sefa 100 kacal zai biya, dala ashirin ke nan. Abin da ke cin fansho shi ne kamashon da ake ɗorawa a kai, da kuma yadda bashin ke juyawa: fanshon wannan karo ya shiga ya toshe ramin baya, tsoho ya sake cira don cefane, ramin ya sake buɗewa. Akwai masu biyan ajiyo shekara da shekaru ba su san asusunsu ya taɓa zarcewa ba, abin da ke ƙara wa da yawa ciwo saboda gudun riba.

Na biyu shi ne cira ta kai tsaye, prélèvement a takarda: kuɗin inshora, biyan bashi, kuɗin kati, kuɗin saƙon waya. Ƙa'idarta ɗaya ce, sai da izinin mai asusu. Sau da yawa izinin yana nan, an sa masa hannu ne cikin tarin takardun ranar karɓar rance, ba wanda ya karanta wa mutum. Wani lokaci kuma bashin ya ƙare amma cirar ba ta tsaya ba.

Abin da doka ta tanada

Bankunan Nijar suna ƙarƙashin Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, mai hedikwata a Dakar, wanda ke da reshe a Maraɗi. Tun 1 ga Oktoba 2014 ya wajabta wa bankunan ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, yin hidimomi 19 kyauta. Cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, takardar jimillar cajin shekara, cirar kuɗi a na'urar bankin da mutum yake, da tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya. Duk wanda aka caza a kan ɗayan waɗannan yana da hujja a hannu. Sai dai kuɗin riƙon asusun yau da kullum ba ya ciki, na asusun ajiya ne aka yafe, kuma nan ne gardama ke yawan tashi a gishe.

A farkon 2014 ne kuma aka sa iyakar ruwa a kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance, kuma a lissafin ana haɗawa da kamashon da ya shafi bashin. A 2020 Hukumar Sa Ido kan Bankuna da ke Abijan ta wajabta wa kowane banki tsarin karɓar koken abokan hulɗa da ba da amsa cikin ƙayyadadden lokaci.

Yadda ake bi

Komai yana farawa daga takardar bayanin asusu, relevé. Da Faransanci ake buga ta, duk da cewa a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga wani tarnaƙin kuma: takarda na lissafi da sefa, baki na lissafi da dala. Inda aka rubuta 500, tsoho dala ɗari ya sani. Shi ya sa ya kamata ya zauna da ɗa ko jikan da ya yi lakwal, a bi layi-layi da biro, a ja zane ƙarƙashin duk abin da ba a gane ba, a rubuta kwanan wata da adadinsa a gefe.

Daga nan sai a tambayi ma'aikacin da ke riƙe da asusun. Amsar baki irin "Baba, na'ura ce ta cire" ba ta wadatar, don ko na'urar da umarni take aiki. A nemi kwafin takardar izinin da aka ce an sa wa hannu, a nemi jadawalin caji da ake liƙawa a reshe. Idan ba a gamsu ba, a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban reshe, kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo da ita gida. Wannan hatimin shi ne shaidar da duk wani mataki na gaba zai dogara a kai. A cikin wasiƙar ana iya janye izinin cirar da ba a so, amma janyewar ba ta goge bashi na gaskiya.

Jinkiri yana cutarwa, don yarjejeniyar buɗe asusu kan sa wa'adin ƙalubalantar bayanin wata, shiru kuma a ɗauke shi yarda. Idan banki ya ƙi amsawa, ko amsar ba ta gamsar ba, ana iya kai koke ga Hukumar Sa Ido kan Bankuna, ko a je babbar kotun Maraɗi. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke cikinta, ta ba da shekara 5 a ƙa'ida kafin irin wannan haƙƙi ya faɗi.