Jirgi na da wata 18, mai shi na da kwana 90: dokar kai ƙaramin jirgin ruwa baƙunci Turai

Duk direban da ya taɓa tsallaka iyaka da mota, a ce daga Jibiya zuwa Maraɗi, ya san ba a biyan kuɗin fito a kan motar da ta zo ziyara. Kwastan za su ba ka takardar wucewa mai wa'adi, ka yi abin da ya kawo ka, ka fitar da motar kafin ranar ta cika. In ka sayar da ita a can, ko ka bari ranar ta wuce, ta tashi daga baƙuwa ta koma kayan shigowa, kuma sai an biya. Ƙa'idar ke nan da Tarayyar Turai ke bi wa mutumin da ya loda ƙaramin jirginsa mai filafili a kwantena, ya aika da shi can don ya yi 'yan watanni yana yawo a bakin teku ko ya shiga tsere, sannan ya koma gida da abinsa. Sunanta shigowar wucin gadi. Baƙo raɓa ne, shi ya sa ba a aza masa haraji.

Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. Kuɗin fito a kan irin waɗannan jirage ƙalilan ne, harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan darajar kaya, shi ne mai ciwon. Faransa na karɓar kashi 20 cikin ɗari, Sifaniya 21, Italiya 22, Girka 24, Kuroshiya 25. Kuma ba a kan farashin jirgin kaɗai ake lissafa shi ba, har da kuɗin dako da inshora. Mu ƙaddara wani mazaunin Kanada ne ya aika jirgin da ya kai Yuro 30,000 zuwa tashar Le Havre ta Faransa, dako da inshora suka ci 4,000. In aka shigar da jirgin a matsayin kayan da suka zo zama, VAT kawai zai kai Yuro 6,800. In aka shigar da shi a matsayin baƙo, ko sisi.

Tushen abin Yarjejeniyar Istanbul ce ta 1990, wadda Hukumar Kwastan ta Duniya ke kula da ita. Ita ta ce abin hawan da mutum ya shigo da shi don amfanin kansa yana iya zama wata shida a cikin kowane wata goma sha biyu. Tarayyar Turai ta ƙara wa jiragen ruwa a kan haka. Kundin Dokokin Kwastan nata, doka mai lamba 952 ta 2013 da ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 2016, da dokar da ke fayyace shi mai lamba 2446 ta 2015, sun ba jirgin ruwa na shaƙatawa wata 18. Motar da za ta ja shi a titi kuwa, in ita ma baƙuwa ce, wata shida ne nata.

Sharaɗi biyu ne ke riƙe da sauran duka. Jirgin ya kasance da rajista a wajen Tarayyar, da sunan wanda ke zaune a wajenta. In kuwa ƙarami ne da ba a yi masa rajista ko'ina ba, kamar 'yan jiragen tsere na mutum ɗaya, ya isa a ce mai shi mazaunin waje ne. Sannan wanda zai tuƙa shi ma ya kasance mazaunin waje. A nan mutane suka fi tuntuɓe, don sun ɗauka fasfo ake dubawa. Inda kake kwana kake tashi ake dubawa. Bafaranshen da ya yi shekara goma yana aiki a Kanada, can iyalinsa suke, zai iya kawo jirginsa Faransa ba haraji. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke zaune a Hambug ta Jamus da takardar zama kuwa, ko da fasfonsa kore ne shar kuma jirgin na ɗauke da tutar wata ƙasa mai nisa, dokar ba ta san shi da baƙo ba. Ranar da jirgin ya sauka domin amfaninsa, ranar haraji ya hau kansa.

Sai batun yadda jirgin ya iso, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya. Wanda ya tuƙo jirginsa ya ƙetaro teku da kansa, shigarsa ruwan Tarayyar ma kawai doka ta ɗauke ta a matsayin sanarwa ga kwastan, ba sai ya cike komai ba. Masu wayo duk da haka sukan je ofishin kwastan su cike takarda mai shafi guda da ake kira Rataye 71-01, a buga musu hatimi, don su sami shaidar ranar shigowa. Amma jirgin da ya zo a cikin kwantena bai tsallako iyaka da ƙafarsa ba. Yana cikin takardar lodin babban jirgi tare da buhunan taki da injinan wanki, kuma tashar za ta riƙe shi a ajiyar wucin gadi, wadda doka ta kayyade wa kwana 90, har sai wani ya faɗa wa kwastan matsayinsa.

Wannan wanin yawanci ejan ne mai fiton kaya. Ka hango shi a teburinsa a tashar Antwaf ta Beljiyam ko Rotadam ta Holan, takardun kwantena arba'in a gabansa, talatin da tara duk kayan sayarwa ne. Hannunsa ya saba da abu guda: a biya fito, a biya VAT, a saki kaya. In ba ka rubuta masa tun kafin jirgi ya taso cewa naka na wucin gadi ne ba, da lambar da ya saba zai shigar da shi, sai dai ka ga takardar neman kuɗi. Ana iya neman gyara daga baya, amma kafin a gama rubuce-rubuce kwantenar na zaune a tasha, kamfanin jirgi na lissafa maka kuɗin kwana. Abin da ejan ke buƙata bai da yawa: takardar rajista ko rasiɗin saye, hoton fasfo, shaidar inda kake zaune, inshora, da jerin duk abin da ke cikin jirgin, har da lambar da aka zana a jikinsa da ta injin in yana da shi. Wani ofishin zai saki jirgin da 'yar takardar nan mai shafi guda, wani kuma zai ce sai an yi cikakkiyar sanarwa, kuma in aka kai nan suna da ikon neman jingina daidai da harajin da aka ɗage, a mayar maka in ka fita. Dokar ɗaya ce a ƙasashe 27, amma hannun da ke riƙe da hatimi ba ɗaya ba ne, don haka a tambayi ofishin tashar da za a sauka tun ana gida.

Lodin kansa na da nasa ƙa'idojin, a taƙaice. Cikin kwantena mai ƙafa 40 ya kai mita 12 da ɗan ɗoriya, amma ƙofarta mita 2.34 ce a faɗi, kuma ƙofar ce ke yanke hukunci. Jirgin da ya fi haka faɗi sai a buɗaɗɗen dandamali ko a jirgin dakon motoci. Katakon da aka yi masa matashi da shi dole ya kasance an gasa shi ko an turara masa magani, an buga masa tambarin ISPM 15 mai nuna an kashe ƙwarin cikinsa, in ba haka ba masu duba ƙwarin itace su tsare kayan gaba ɗaya. Fetur, tukunyar gas da harsasan wutar neman agaji duk kayan haɗari ne a dokar dakon teku, gara a bar su a sayi wasu a can.

Masu zuwa tsere sukan bi wata hanyar, wato kundin ATA, wanda ake wa laƙabi da fasfon kaya. Tsari ne da ya samo asali daga yarjejeniyar 1961, cibiyoyin 'yan kasuwa ne ke bayar da shi a ƙasashen da suka shiga, kuma shekara ɗaya yake yi. Bangonsa kore, cikinsa takardu kala-kala: rawaya ta fita daga ƙasarka da dawowa, fara ta shiga ƙasar da ka je da fita daga cikinta, shuɗiya ta ratsawa. Kowace iyaka jami'i zai yage rabi ya bar maka rabi da hatimi. Ga ƙungiyar da ta cusa 'yan jiragen tsere samfurin ILCA masu tsawon mita 4.23 guda da yawa a kwantena ɗaya, da sandunansu da filafilansu da akwatunan kayan gyara, babu abin da ya kai shi sauƙi. Sai dai jingina ake ajiyewa kafin a ba ka, kuma farar takarda ɗaya in ta rasa hatimin fita, ana iya bin ka harajin gaba ɗaya da ƙarin da ya kai kashi goma cikin ɗari. Mai yawon shan iska da jirgi ɗaya, ni dai ban ga abin da zai kai shi can ba: zai biya kuɗi ya sayi wata 12, alhali doka ta ba shi 18 kyauta.

To, jirgi ya sauka, ya sami wata 18. Mai shi fa? Shi ba kwastan ke lissafa masa ba, jami'an shige da fice ne, kuma baƙon yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, kwana 90 ne nasa a cikin kowane kwana 180, ko yana da bizar ziyara ko ƙasarsa na cikin waɗanda aka yafe wa biza. Wanda ke son wuce haka sai ya nemi bizar dogon zama ta ƙasa guda, kuma ya yi hattara, don dogon zaman na iya mayar da shi mazauni a idon kwastan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Taswirar Shengen da ta kwastan kuma ba su hau kan juna ba. Norwe na cikin Shengen amma ba ta cikin yankin kwastan na Tarayyar, saboda haka in ka kai jirgi can, lissafin jirgi ya tsaya, naka na ci gaba. Ailan akasin haka ce: kai ka huta, kwanakin jirgi na tafiya. Tsibiran Kanari, duk da suna gab da gaɓar Maroko, cikin yankin kwastan suke kuma cikin Shengen, zuwa can bai sauke maka ko ɗaya ba.

Abin da akasari ake yi shi ne a yi wata uku a ruwa, a ɗaga jirgin a ajiye a wani filin ajiye jirage a tudu, a koma gida, a dawo baɗi. Ajiyar nan ba ta tsayar da lissafi da kanta. Doka ta yarda a nemi ƙarin wa'adi in akwai dalili na musamman, amma a rubuce, kuma kafin ranar ta cika. Hanya mafi sauƙi ita ce a fitar da jirgin daga yankin, a taɓa Tunisiya, Maroko, Turkiyya, Albaniya ko Montenegro, ko Birtaniya tun da ta fice daga tsarin a farkon 2021, sannan a dawo a fara sabon wata 18. Dokar ba ta faɗi kwana nawa za a yi a waje ba. Abin da jami'i zai nema shaida ce: hatimin shiga wancan gefen, rasiɗin wurin ɗaure jirgi mai ɗauke da sunansa da kwanan wata. Jirgin da ƙanƙantarsa ta kai ya shiga kwantena kuwa ba kowanne ne zai iya ratsa Bahar Rum ba, don haka mai ƙaramin jirgi ya fi kowa buƙatar lissafa ranar fitarsa tun daga farko.

Cikin wa'adin, jirgin na amfanin kanka ne, kuma abin yana da iyakoki. Ba a ba da shi haya, ba a ɗaukar fasinja da kuɗi, ba a sayar wa mazaunin Tarayyar sai an fara biyan haraji. Aro ma da sharaɗi: abokinka mazaunin Marsai ta Faransa zai iya ɗan fita da shi jefi-jefi da izininka, matuƙar kai ma kana cikin yankin a lokacin. Ka hau jirgin sama ka koma gida ka bar masa makulli ya yi bazara da shi, wannan saɓa doka ne, kuma haraji zai faɗo tun daga ranar. Gyaran yau da kullum, fenti, sauya igiya, duba inji, duk an yarda. Aikin da zai sauya jirgin ya ƙara masa daraja kuwa yana da nasa tsarin daban da ake nema wa izini.

Wani kuma sai wurin ya yi masa daɗi, ko ya sami mai saye. Ba laifi, ana zuwa kwastan a sauya matsayin jirgin, a biya fito da VAT a kan ƙimar da suka amince da ita. Amma akwai abin da ke ɓoye a bayan wannan. Dokar Tarayyar mai lamba 53 ta 2013 ta wajabta wa jiragen shaƙatawa masu tsawon mita 2.5 zuwa 24 tambarin CE, mai nuna sun cika ƙa'idojin Tarayyar, kafin a sa su a kasuwa. Baƙo ba ruwansa da wannan. Jirgin da ya zama ɗan gari kuwa, in an ƙera shi don kasuwar Amurka ba tambarin, sai an kira masu tantancewa sun duba shi daga kai har ƙasa, kuma a tsohon ƙaramin jirgi kuɗin wannan binciken na iya cin kaso mai tsoka na darajarsa.

Komawa gida ma da takardarta. Kwastan ɗin ƙasarka ba su san jirgin ba. Abin da za su gani kwantena ce ta taso daga Turai da jirgi a ciki. Shi ya sa ake yi masa rajistar fita tun kafin ya bar gida: a Amurka takarda ce mai lamba 4455, mai kundin ATA kuma rawayar takardarsa ta wadatar. A ɓangaren Turai sai ejan ya yi sanarwar fitar da shi, ya ba ka kwafin da ke nuna kwantenar ta bar tasha. Da wannan kwafin ake rufe fayil ɗinka a karɓo jingina, don haka kada ka biya shi cikon ladansa sai ya shigo hannunka.